Jawabin Maraba ga Sergey Bubka, Gwarzon Tsallen Sanda

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu, malamai masu horarwa, da 'ya'yanmu 'yan wasa, barkanmu da wannan rana.

Babban baƙonmu, ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. Tafinta zai isar maka da maganata, sai dai ina roƙonsa kada ya rage komai.

Yawancin yaran da ke zaune a nan ba a haife su ba lokacin da ka ajiye sanda, don haka bari in faɗa musu wanda ke gabansu. An haife shi a Luhansk ta ƙasar Yukren a 1963. Yana ɗan shekara 19, ba kowa ya san shi ba, ya je Helsinki a 1983 ya cinye kambin tsallen sanda a gasar duniya ta farko ta wasannin guje-guje da tsalle-tsalle. Daga nan kambin bai bar hannunsa ba: Roma, Tokyo, Stuttgart, Gothenburg, har Atina a 1997. Sau shida a jere. Ranar 13 ga Yuli, 1985, a birnin Paris, ya zama mutum na farko da ya tsallake mita shida, tsayin da ya kusa kai bene mai hawa ɗaya. Yana riƙe sandarsa can sama fiye da inda abokan karawarsa ke riƙewa, ga gudu kamar na ɗan tsere, shi ya sa sandar ke lanƙwasa ta cilla shi inda wasu ba sa kaiwa.

Sau 35 ka kafa sabon tarihin duniya, sau da yawa da ƙarin santimita ɗaya tak. Masu tsegumi sun ce wai don kowane sabon tarihi da ladansa ne. Mu dai ba mu ga laifi ba, ranka ya daɗe, ai da sannu ake cin tuwo mai zafi.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne tsakaninka da gasar Olamfik. A 1984 Tarayyar Sobiyet, wadda Yukren ke cikinta a lokacin, ta ƙaurace wa gasar Los Angeles, ka zauna a gida kana zakaran duniya. A Seoul a 1988 ka samu zinare, shi ma sai a yunƙurinka na ƙarshe a kan mita 5.90. A Barcelona a 1992, duniya ta gama ba ka nasara tun kafin a fara, sai ka kasa sau uku a jere, ka fita ba ko lamba. Wani da ya ɓuya. Kai kuwa a watan Fabrairun 1993 ka tsallake mita 6.15 a Donetsk ta Yukren, ka kafa sabon tarihin duniya. A Olamfik ta Atlanta ma ciwon diddige ya hana ka tsalle, amma shekara na zagayowa ka sake cin gasar duniya.

Tarihin nan na Donetsk ya yi shekara 21 ba wanda ya taɓa shi. Da Renaud Lavillenie na Faransa ya zo ya tsallake 6.16 a 2014, a garin ne kuma a gabanka, ka sauko daga mazauninka ka rungume shi. A 2025 kuma Armand Duplantis na Suwidin ya kai abin har 6.30. Yara, ku riƙe wannan runguma.

Ranka ya daɗe, baƙo ba ya tafiya bai ji kukan masu gida ba. Yaranmu suna da ƙafa, suna da zuciya, amma da gora suke gwadawa, a kan rairayi suke sauka. Ba mu da sandar zamani ko ɗaya, ba mu da katifar sauka, ba mu da mai horarwa da ya koyi wannan fanni. Ka daɗe cikin shugabannin wasanni na duniya, ka san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa. Bayan an sha ruwa, za mu kai ka bakin ramin rairayin ka gani da idonka.

Allah Ya maida kai gida lafiya. Na gode.