Me Kirista Yake Nufi Idan Ya Ce Ya Sami Ceto?

Duk wanda ya saba bi ta kasuwar Kejetia da sassafe, ko yake hawa motar haya ta trotro zuwa unguwannin Aboabo da Asawase, da wuya a ce bai taɓa cin karo da mai wa'azi riƙe da Littafi Mai Tsarki yana tambayar jama'a ko sun sami ceto ba. Mu mutanen zangon Kumasi mun saba jin wannan kalma a bakin maƙwabta da abokan ciniki, tun da ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na mutanen Ghana Kiristoci ne, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa zama aka warware musu ma'anarta. Abin da za mu yi a wannan bidiyo ke nan, kuma za mu faɗi maganar yadda masu addinin suke faɗinta.

Ba a maganar ceto sai da haɗari. A koyarwar Kirista haɗarin shi ne zunubi, kuma zunubi a wurinsu ya wuce jerin laifuffukan da mutum ya aikata, domin tushensa yankewar zumunci ne tsakanin ɗan Adam da Mahaliccinsa. Suna kafa hujja da labarin Adamu da Hauwa'u, waɗanda bayan sun saɓa umarni suka ɓuya daga Allah. Manzo Bulus ya rubuta wa Romawa cewa kowa ya yi zunubi ba tare da togiya ba, kuma sakamakon zunubi mutuwa ne. Daga baya Agustin, wani babban malami ɗan Afirka ta Arewa wanda ya riƙe ikilisiyar Hippo a ƙasar Aljeriya ta yanzu har rasuwarsa a shekarar 430, ya yi doguwar muhawara da masu cewa mutum zai iya gyara kansa da ƙoƙarinsa kaɗai, ya nace cewa wanda ya faɗa rijiya ba ya fitar da kansa sai an miƙo masa igiya daga sama.

To, wace ce igiyar? Akwai wani misali a tarihin zangonmu da zai taimaka. A zamanin fataucin goro, baƙon da ya iso daga Kano ko Sakkwato yakan sauka a wurin mai gida, wanda zai ba shi masauki, ya haɗa shi da masu kaya, ya kuma tsaya masa lamuni, ta yadda idan baƙon ya karɓi goro bashi ya kasa biya, wuyan mai gidan za a kama. Kiristoci sun gaskata cewa Yesu Almasihu ya tsaya wa 'yan Adam irin wannan tsayuwa, cewa mutuwarsa a kan gicciye a Urushalima, a zamanin gwamnan Romawa Bilatus, biyan bashin da mutum ba zai taɓa iya biya ba ne. Shi ya sa kalmar fansa take yawan fitowa a wa'azinsu da waƙoƙinsu, kalmar da kakanninmu suka sani a kan kuɗin da ake bayarwa domin bawa ya zama ɗa. Sai dai misalin yana da iyaka, domin mai gidan zango yana cin la'adarsa, alhali a nan ba a karɓar komai, kuma abin da ya fi ba da mamaki a koyarwar shi ne cewa wanda ake bi bashin shi ne ya biya, tun da sun gaskata cewa Allah ne da kansa ya zo cikin Almasihu yana sulhunta duniya da kansa. Labarin bai ƙare a kabari ba. Sun gaskata cewa ya tashi daga matattu a rana ta uku, har Bulus ya gaya wa Korintiyawa cewa idan Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarsu banza ce.

A nan ne hanya ta rabu da ta Musulunci, kuma babu amfanin ɓoye wannan. Musulmi sun yi imani cewa ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba, kuma babu mai ɗaukar nauyin zunubin wani. Maƙwabtaka ta gari ba ta bukatar a yi kamar bambancin babu shi.

Kalmar da ta fi kowace nauyi a wannan batu ita ce alheri. A Hausarmu ta yau da kullum alheri kyauta ce da aka yi maka ba don ka yi aiki ba, kuma da wannan ma'anar masu fassara suka ɗauke ta. A Littafi Mai Tsarki, Wasiƙar Afisawa sura ta 2 ta ce ta wurin alheri ake samun ceto, ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba, domin kada wani ya yi fariya. Abin da ake nema daga mutum shi ne tuba, wato juyowa daga hanyar da yake bi, da kuma bangaskiya, wadda ta wuce yarda da cewa labarin gaskiya ne, ta kai ga jingina rai gaba ɗaya a kan Almasihu. Nan take mai hankali zai tambaya: idan kyauta ce, me zai hana mutum ya ci gaba da sheƙe ayarsa? Kiristoci da kansu sun daɗe suna kokawa da wannan tambaya. Wasiƙar Yakubu ta ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce. A shekarar 1517 Martin Luther, wani malamin coci ɗan Jamus, ya ta da muhawarar da ta raba ikilisiyar Turai, yana cewa bangaskiya kaɗai ke baratar da mai zunubi, wato ke wanke shi a gaban Allah, sai taron Katolika na Trent, wanda aka yi tsakanin 1545 da 1563, ya amsa cewa alherin yana sabunta mutum daga ciki, kuma dole mutum ya ba shi haɗin kai. Sai a 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Katolika da mabiya Luther suka sa hannu a kan matsaya ɗaya cewa da alheri kaɗai Allah yake karɓar mutum, kuma wannan alherin ne yake kiransa zuwa ayyukan kirki. 'Yan Methodist sun shiga yarjejeniyar a 2006.

Amma yafe bashi ba shi ne ƙarshen zancen ba, kuma a ganina wanda ya tsaya a nan bai kai ga zuciyar maganar ba. Mutum zai iya yafe maka bashi ya ce kada ya sake ganin ƙeyarka. Abin da Kiristoci suke cewa shi ne an yafe, sannan an buɗe ƙofar gida. Misalin da suka fi so a kan wannan yana cikin Luka sura ta 15, inda wani saurayi ya nemi gādonsa tun mahaifinsa yana raye, ya tafi wata ƙasa ya cinye shi a shashanci, har yunwa ta kai shi kiwon aladu. Da ya yanke shawarar komawa, bai sa ran komawa matsayin ɗa ba, ya shirya roƙon a ɗauke shi cikin 'yan ƙodago. Tun yana nesa mahaifin ya hango shi, ya sheƙa da gudu ya rungume shi, ya sa aka kawo riga mafi kyau da zobe da takalma. Mu da muka san cewa dattijo mai mutunci ba ya tattare babbar riga ya ruga a bainar jama'a, balle saboda yaron da ya zubar masa da girma, mun fi kowa gane nauyin wannan gudu. Yaron ya zo neman albashi, aka mayar masa da sunan gida.

Daga nan ne maganar dangantaka ta kai tsaye da Allah ta samo asali. Yesu ya kira Allah da kalmar Abba, wadda take nufin uba a harshen Aramaik, ya kuma koya wa almajiransa su fara addu'a da kiran Ubansu wanda yake cikin sama. Ya kamata a lura cewa idan Kirista ya ce shi ɗan Allah ne, ba haihuwa ta jiki yake nufi ba, yana nufin an karɓe shi cikin iyali, kuma Ruhu Mai Tsarki yana zaune a zuciyarsa yana tabbatar masa da hakan. Labarin John Wesley, wanda ya assasa ɗarikar Methodist, ya nuna bambancin sanin addini da wannan tabbaci. Ya yi shekaru yana limanci, har ya je aikin bishara a Amurka, amma sai a daren 24 ga Mayu 1738, a wani ƙaramin taro a Landan, ya ji a ransa cewa zunubansa, nasa shi kansa, an ɗauke su. Mabiyansa ne suka iso Kumasi tare da mai bishara Thomas Birch Freeman a 1839, kuma babbar majami'arsu da ke unguwar Adum sunan Wesley take ɗauke da shi.

Ikilisiyoyi sun bambanta a kan yadda ake shiga wannan zumunci. 'Yan Pentikos, waɗanda suke da yawa ƙwarai a Ghana, sun fi ƙarfafa sabuwar haihuwa, suna dogara da hirar Yesu da Nikodimu a Yohanna sura ta 3, kuma da yawansu za su iya faɗa maka ranar da suka ba da ransu. Katolika kuwa suna ganin farkon tafiyar a baftisma, wato wankan shiga addinin, ana ciyar da ita da jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi da ake ci a majami'a, da furta zunubi a gaban fada, wato limamin coci. A aikace dukansu suna komawa ga addu'a, wadda mutum yake yi da harshen da ya sha a nono, da karatun Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito tun 1932, da kuma zama cikin 'yan'uwa masu bi.

Saura abu ɗaya da mai sauraron rediyo da lasifikar kasuwa zai iya ruɗewa a kai. Akwai masu wa'azin da suke haɗa ceto da samun biza, da mota, da bunƙasar jari, kamar wanda aka ceta ba zai ƙara ganin talauci ko ciwo ba. Malaman Kirista da dama a Ghana suna sukar wannan salo, suna tunatar da cewa Bulus, wanda ya fi kowa rubutu a kan alheri, ya rubuta wasu wasiƙunsa ne yana tsare a kurkuku, kuma ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa wata ƙaya da take damunsa a jiki, ba a cire ba, aka ce masa alherin ya ishe shi.