Wa ke ciyar da mujallun hoto na Jamusanci?

An kwafo wannan lacca daga faifan murya. An gabatar da ita ne gaban ɗaliban aikin jarida da masu ɗaukar hoto.

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, 'yan'uwana masu kyamara, barkanmu da warhaka. Na baya kuna ji na? To madalla.

Ga wata mujalla a hannuna, ba zan faɗi sunanta ba. Ku duba shafin hagu: an gwada sabuwar kyamara, an ba ta maki mai tsoka. Ku duba na dama: tallar kamfanin da ya ƙera ta ne, shafi guda cur. A kan waɗannan shafuka biyu zan yi magana yau.

Mujallun hoto na Jamus da Ostiriya da Suwizalan iri biyu ne. Akwai na kayan aiki, waɗanda mutum ke karantawa kafin ya je kanti, irin su fotoMAGAZIN da ta fara fitowa a 1949, da ColorFoto, da c't Fotografie ta kamfanin Heise. A ba su haƙƙinsu, Bajamushe ba ya wasa da awo. Ɗakin gwaji ake shiga da kyamara, a kafa ta gaban allon zane-zane, a auna kaifin hotonta, a auna yadda take yi cikin duhu. Ni ban cika zargin alƙaluman ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne, kyamarar da ake gwadawa yawanci aro ce daga kamfanin. Shi ke kiran 'yan jarida bikin ƙaddamarwa, shi ke sa ranar da za a buga labari, shi ne kuma mai biyan shafin dama. To, in baki ya ci, ido kan ji kunya. Edita ba sai ya yi ƙarya ba. Aibin kyamarar sai ya shige sakin layi na ƙarshe, a lulluɓe da lafazi mai taushi, kayan da ba su yi kyau ba kuma a ƙi gwada su kwata-kwata.

Ba wai babu ƙa'ida ba. Majalisar 'yan jaridun Jamus, wadda aka kafa a 1956, ta ce a sashe na 7 na kundin ɗa'arta a raba talla da aikin edita. Shi ya sa za ku ga kalmar Anzeige, wato talla, a saman wasu shafuka. Amma ƙa'ida abin da aka rubuta take kamawa. Wa zai kai ƙarar abin da ba a rubuta ba?

Wayar salula kuma ta zo ta ƙara dagula lissafi. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kusan miliyan 121. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Photokina, baje kolin kayan hoto na birnin Kolon da aka fara a 1950, tun 2018 ba a sake yin sa ba. Edita mai masu talla ashirin zai iya ɓata wa ɗaya rai. Mai guda biyar fa?

Ku kwatanta da mujalla mai suna test, ta gidauniyar gwajin kayan masarufi ta Jamus Stiftung Warentest, da ke fitowa tun 1966. Ba ta karɓar talla ko ɗaya, kuma kanti take zuwa ta sayi kaya da kuɗinta kamar kowa. Sai dai wadda ta gwada kyamara yau, gobe ta gwada injin wanki, ba za ta koya maka kallon hoto ba.

Kallon hoto aikin iri na biyu ne, kuma nan zuciyata take. A birnin Lucerne na Suwizalan an yi mujallar Camera daga 1922, wadda Allan Porter ya riƙe a matsayin edita a shekarunta na ƙarshe. Manyan masu hoto na duniya sun ratsa shafukanta, bugunta kuwa ba a magana. Duk da haka aka rufe ta a 1981, bayan kamfanin Ringier ya sayi gidan da ke buga ta. Inganci bai cece ta ba.

Wani zai ce LFI fa, wato Leica Fotografie International, mujallar kyamarorin kamfanin Leica? Ita Leica na cikin sunanta tun 1949, ta gaya maka ubangidanta kafin ka buɗe. Wannan ya fi mini.

An miƙo mini takarda, wai saura minti biyu. Bari in ƙarasa da Camera Austria, wadda Manfred Willmann da Christine Frisinghelli da Seiichi Furuya suka kafa a birnin Graz na Ostiriya a 1980. Ba tallar kyamara ke riƙe ta ba, da tallafin hukuma take tafiya, wanda shi ma igiya ce a wuya. A shekarar 2000 jam'iyyar FPÖ ta Jörg Haider, mai tsattsauran ra'ayin mazan jiya, ta shiga gwamnatin Ostiriya. Sai mujallar, don nuna adawa, ta fito a bugu na 69 da shafuka baƙaƙe wuluk, babu hotuna. Mujallar hoto ke nan fa! Har yau tana fitowa, sau huɗu a shekara.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.