Daga Hanji Zuwa Ƙoda: Me Tukunyarmu Ke Aika Mata?

Assalamu alaikum jama'ar Katsina. Ku kalli tsakar gidan nan: an surfa gero, an sheƙe, an kwashe dusar an zuba wa akuya. To, ashe akwai masu jiran wannan dusar a cikinmu.

Hanjin mutum cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya masu amfani. Abincinsu shi ne abin da cikinmu ba ya iya narkarwa: dusar gero da ta dawa, ɓawon wake, ganyen zogale, rama, kuɓewa. Idan suka samu, sai su fitar da sinadaran da ke ƙarfafa bangon hanji, su rage kumburi a jiki. Idan kuwa kullum balangu ne da tsire da farar shinkafa, sai su koma kan ragowar naman, su ruɓar da shi, daga nan wasu dafi su shiga jini. Wa zai tace su? Ƙoda. Guda biyu ne kacal, kuma a kowace rana suna tace ruwan jini wajen lita 180.

Saboda waɗannan bakteriya masu amfani ne furar Daura da nono mai tsami ba abin rainawa ba ce, in dai an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, kuma ba a cika sukari ba.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Uwargida, ki lissafa da dunƙulen da kike jefawa a miya, har da kanwa, domin duk suna ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri. Shi ke tayar da hawan jini, kuma hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen kashe ƙoda. Daddawa da citta da albasa sun isa su tayar da miya.

A zafin bazara a yawaita shan ruwa, kuma a daina haɗiyar magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac barkatai, domin suna iya cutar da ƙoda.

Amma wanda likita ya riga ya ce ƙodarsa ta taɓu, lissafinsa daban ne. Wake, ayaba, dabino, nono, har yawan ruwan da zai sha, duk sai ya tambayi likitansa tukuna.