Fentin rani, funfunar damina

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a Maraɗi ya san yadda ake yi. Dillali ya ɗauke ka a babur ya kai ka unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo cikin watan Maris, rana na dukan ƙasa, ɗaki ya sha sabon fenti yana ƙyalli. Ka biya kuɗin wata uku, ka ba dillali la'adarsa. Sai Agusta ta zo, ka janye katifa ka tarar bango ya yi baƙi-baƙi, tufafin cikin akwati sun yi wari, takalmi ya yi fari fat. Funfuna ke nan, ko hunhuna a bakinmu na nan.

Ba ƙazantar matar gida ba ce, kamar yadda wasu masu gidaje ke saurin faɗa. Danshi ke haifar da ita: kwano mai yoyo, indararo da ke zuba a gindin bango, bututun famfo da ya tsage cikin gini, ko harsashi da ke tsotsar ruwa daga ƙasa. Kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe ta ta fara tsira a kan abin da ya jiƙe. Bayan ruwan da ya afka wa garin nan a ƙarshen Agustan 2024, gidaje nawa aka shafe da fenti aka sake sa haya tun bango bai bushe ba?

Abin da ya fi damuna yara ne. Ƙwayoyin funfuna na yawo a iska, suna jawo tari, toshewar hanci da ƙaiƙayin ido, suna tayar da asma. Uwa tana ta jigilar yaro asibiti, alhali ciwon na bayan gadonsa.

Alhaji mai gida, gyaran rufi da bango naka ne. Ɗan haya nasa shi ne buɗe taga, matsar da kaya daga jikin bango, da sanar da kai da wuri. Ruwan jabel na goge tabon, amma muddin yoyon na nan, za ta dawo.

Kai kuma malam dillali, a garin nan kai ne idon mai neman gida, kuma ka san ɗakin da ke jiƙa tun bara. Ɓoye aibi algus ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai algus ba ya cikinmu. Ka nuna wa mutum sawun ruwa a silin, a rubuta halin ɗakin a takarda kafin a miƙa makulli, kowa ya sa hannu.

Muna kuma kira ga ma'aikatar magajin gari: dubagari su riƙa leƙa ɗakunan haya cikin damina, lokacin da fenti ba ya iya rufa wa bango asiri.