Me ya sa enzim ɗin ba ya sake yanka abin da aka ɗinke?

Mu ɗauki misalin wani plasmid, wato ɗan zoben ADN (sinadarin gado, wanda ake rubuta jerinsa da haruffa A, C, G da T) da bakteriya ke ɗauke da shi baya ga babban kundin gadonta. A cikinsa an ajiye gajeren jeri, TGACGTCA, wanda ake kira CRE. Jerin ba ya samar da furotin, wurin sauka ne da furotin CREB ke kamawa, kuma idan cAMP, wani sinadari mai isar da saƙo, ya ƙaru a cikin ƙwayar halitta sai a fara karanta abin da ke gabansa. Idan aka jera shi da ƙaramin mafarin karatu da sashen da ke yin GFP, furotin mai ba da haske, ƙwayar za ta yi hasken kore duk lokacin da saƙon ya iso.

Tambayar da ɗaliban ilimin halittu a nan Maradi suka yi ta aiko mana ita ce: a hanyar Golden Gate ta haɗa guntayen ADN su zama irin wannan zobe, tun da a bututu guda ake zuba enzim (furotin mai gudanar da aiki) mai yanka ADN da wanda ke ɗinke shi, yaya aikin yake ƙarewa? A ganina tambaya ce mai kyau, domin wanda ya saba da EcoRI, wani enzim mai yanka ADN, ya san cewa yana yanka ne a cikin jerin da ya gane, kuma da an ɗinke, jerin ya dawo.

To, ga amsar. Hanyar Golden Gate, wadda Carola Engler da Sylvestre Marillonnet da abokin aikinsu suka wallafa a 2008, tana amfani da enzim mai yanka da ake kira BsaI. Shi yana gane GGTCTC, amma ba a nan yake yanka ba. ADN zare biyu ne; yana tsallake harafi 1 a zaren sama da harafi 5 a zaren ƙasa, sai ya bar baki mai haruffa 4 a buɗe. Ku tuna da tela a kasuwa idan ya ja alli a gefen yadi: almakashi na bin cikin layin, allin kuma ya tafi tare da ƙyallen da aka zubar. Haka aka tsara guntayen, ta yadda GGTCTC zai tafi da ɓangaren da ba a so. Idan guntu ya koma tsohon zobensa, jerin ya dawo, BsaI ya sake yanka shi. Idan kuwa ya haɗu da maƙwabcin da aka nufa, babu sauran alamar da enzim zai gane, ɗinkin ya zauna ke nan. Shi ya sa yayin da injin da ke sauya zafin bututun ke kai-kawo tsakanin digiri 37 da 16, zoben da ake so ne ke ta taruwa.

Waɗannan haruffa 4 mai tsarawa ne ke zaɓar su, kuma su ne ke nuna wa kowane guntu gurbinsa, ko da CRE ɗin nan ne aka maimaita sau da yawa.

Sauran aikin sananne ne: a shigar da zoben cikin bakteriyar E. coli, a shuka, a zaɓa, a karanta jerin.

Amma kafin a fara, a bincika ko GGTCTC yana ɓoye a tsakiyar guntun. A sashen da ke yin furotin ana iya sauya harafi ba tare da an taɓa ma'ana ba, a wurin sauka kuwa harafi ɗaya na iya hana furotin kamawa, don haka gara a koma ga wani enzim, BpiI, mai gane GAAGAC.