Utsira: Ɗan Tsibirin Norway da Mata Suka Karɓe Majalisarsa

Ku duba taswirar Norway, wajen kudu maso yamma. Ga garin Haugesund a bakin teku. To ku bi yamma, ku nausa cikin ruwa har ku ga wani ɗan ɗigo. Wannan ɗigon shi ne Utsira, ƙaramar hukumar da ta fi kowacce ƙarancin jama'a a ƙasar. Mutum wajen 200 ne kacal, a tsibirin da faɗinsa bai fi murabba'in kilomita 6 da ɗoriya ba. Daga Haugesund, jirgin fito kan kai mutum cikin kusan minti 70, in teku ta yarda.

Tsibirin duwatsu ne, iska kuma ba ta hutawa. Wani kwari ya ratsa shi daga arewa zuwa kudu, a nan gidaje da gonaki suke. Kowane bakin kwarin akwai tashar jiragen ruwa: Nordvågen a arewa, Sørvågen a kudu. Amfanin haka? In igiyar ruwa ta hana shiga ɗaya, sai matuƙi ya zaga ya sauke fasinja a ɗayar.

Sunan kansa gida biyu ne. Asali Sira kawai ake cewa, daga baya aka liƙa masa "ut", wato waje, can cikin teku. Dama akwai wata Sira a kan tudu, kudancin ƙasar. Ita kalmar Sira, wasu masana na ganin tana nufin ruwa mai ƙarfin gudu. Har 1924 ana rubuta shi Utsire, kuma da wannan tsohon rubutun ne BBC ke ambatonsa kullum a rahoton yanayin teku da take karanta wa matuƙa jiragen ruwa.

Kifi ne ya raya wurin. A ƙarni na 19, in lokacin wani ƙaramin kifi da suke kira sild ya yi, masunta kan yi wa tsibirin tsinke ta ko'ina. A 1844 aka kunna fitilar jagorar jirage, hasumiya biyu kusa da juna, don matuƙi ya bambance ta da sauran fitilun gaɓar. Masu sha'awar kallon tsuntsaye ma sun san Utsira, don an ga iri fiye da 300 a can.

Amma ga inda labarin ya fi daɗi. A 1924 aka cire Utsira daga ƙaramar hukumar Torvastad ta zama hukuma mai cin gashin kanta. A zaɓen 1925 babu jam'iyyu, sunayen mutane kawai ake zaɓa. Sai wasu maza suka shirya takardar ƙuri'a cike da sunayen mata, matan ma ba su sani ba. Da aka ƙirga, kujera 11 cikin 12 mata ne suka lashe. Wasa ya zama gaske.

Aka yi ta yi musu dariya, jaridu har na ƙasashen waje suka ɗauka, ana kiran abin mulkin siket. Doka kuwa ba ta san wasa ba, wanda aka zaɓa an zaɓe shi. A 1926 Aasa Helgesen, ungozomar tsibirin, ta hau kujerar shugabar hukuma, mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a duk Norway. Ni dai a ganina zaɓin bai yi muni ba: a gari mai mutum 400 da 'yan kai a lokacin, wa ya fi ungozoma sanin halin kowane gida? Ta riƙe kujerar har 1928. Norway kuwa sai a 1981 ta samu firaminista mace, Gro Harlem Brundtland.