Amsoshin Tambayoyinku: Filin Wasan Yara a Unguwa

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wata malamar Islamiyya a Tudun Wadan Zariya. Ta ce iyayen yara sun shirya gidauniya don a kafa lilo da abin zamiya a filin da ke gaban makarantarsu, tana so ta san katako ya fi ko ƙarfe, kuma me za a fara kashe wa kuɗi.

Malama, Allah ya saka da alheri. Kafin a je ga katako ko ƙarfe, ku fara da ƙasa. Jar ƙasar Zariya idan rani ya yi sai ta ƙanƙare kamar daɓe, kuma mafi yawan raunin da yara ke ji a irin wannan wuri daga faɗuwa ne. Don haka a haƙa wurin, a zuba yashi mai laushi, zurfinsa ya kai santimita 30, ya kuma zarce abin wasan da kamar mita 2 ta kowane gefe. Gaban lilo da bayansa kuwa, a bar fili ninki biyu na nisan da ke tsakanin ƙasa da sandar da aka rataye shi. Na san ranar buɗewa fenti ake kallo, ba wanda zai yaba yashi, amma shi ne zai hana a ɗauki yaro zuwa asibitin Shika da karaya. In kuɗi ya gaza, a rage tsayi, kada a rage yashi.

To, batun katako. Gara ba ta raga masa, kuma dabarar da aka saba ta shafa baƙin mai ba ta dace da abin da yara za su riƙa da hannu su kai baki ba. Ni dai na fi son bututun ƙarfe mai kauri, a binne ƙafafunsa cikin kankare, a rufe kankaren da yashi don kada ya leƙo. Ku tsaya a kan mai walda ya goge duk inda ya haɗa, ki shafa da tafin hannunki, Malama, in ya karce ki to zai yanki yaro. Wurin zamiyar kuma kada a bar shi a rana. Farantin ƙarfe a watan Maris da Afrilu yana ƙona cinya, sai a kafa shi ƙarƙashin darbejiya ko a yi masa rumfa. Ratar da ke tsakanin sanduna kada ta faɗa tsakanin santimita 9 da 23, domin a nan ne jikin yaro ke wucewa kansa ya maƙale. Fenti kuma a nemi wanda ba shi da gubar dalma.

Wani dattijo daga Kwarbai ya rubuto yana cewa an sha yin gidauniya kuɗi ya bi ruwa, yaya za a yi mutane su amince?

Baba, gaskiyarka. A fara sanar da mai unguwa, a tabbatar filin ba na gado ba ne da za a zo ana rigima. A naɗa ma'aji da mutum biyu masu sa hannu, a kafa allo a ƙofar masallaci ana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita duk Juma'a. Kuma ba kuɗi kaɗai ake karɓa ba: mai tipa ya kawo yashi, bakanike ya ba da tsofaffin tayoyi, matasa su yi gayyar haƙa. Tayoyin dai a huda su ta ƙasa, kada ruwan damina ya kwanta a ciki sauro ya samu gida. A kuma ware wani abu na gyara, domin sarƙar lilo tana cinyewa, yashi kuma yana raguwa bayan kowace damina.

Sai wasiƙa ta gaba, daga Samaru.